Tambayoyi da amsoshi ga mai fara koyon zane: atisaye, kurakurai da neman gyara

Waɗannan su ne tambayoyin da masu fara koyon zane suka fi yi mini, wasu baki da baki, wasu a saƙo tare da hoton takardar da aka goge har ta kusa hujewa. Na tara su wuri guda don na gaji da maimaita amsa ɗaya. Inda magana ba ta da yawa na taƙaita, inda kuma na ga mutane sun fi tuntuɓe na ja ta.

Ko layi miƙaƙƙe ba na iya ja. Anya ina da baiwar zane kuwa?

Tuna ranar da aka fara koya maka rubutu. Harafin farko da ka yi karkatacce ne, ya haura layi, ya cinye rabin shafi. Yau kana rubutu kana hira da wani, ko hannunka ba ka kallo. Rubutu ma zane ne, sai dai siffofinsa ƙidayayyu ne, kuma an tsaya a kanka shekara da shekaru kana maimaita su. Zane kuwa ba wanda ya tsare ka a kansa, shi ya sa hannunka yake nan inda ka bar shi tun kana ɗan shekara tara ko goma.

Ban ce babu baiwa ba. Akwai wanda yake kama abu da wuri fiye da wani, a zane da kowace sana'a. Amma ba a makon farko ake gane ta ba, kuma ba ita ke hana mutum iyawa ba. Vincent van Gogh, shahararren mai zane mutumin Holan, bai duƙufa ga zane ba sai a 1880, yana da shekara 27, kuma da kwafar darussan zane na Charles Bargue ya fara, shafi bayan shafi. Ya rasu a 1890. Duk abin da duniya ta san shi da shi, cikin shekara goma ya yi shi. Gemu ba ya hana ilimi.

Waɗanne kaya zan tanada?

Fensir HB ɗaya, 2B ɗaya, kilina, abin feƙe fensir, da takardar firinta mai yawa. Shi ke nan.

Haruffan nan da ke jikin fensir suna da ma'ana. Abin da ke cikin fensir garin wani baƙin ma'adini ne, girafait, da ake kwaɓawa da yumɓu a gasa, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795. In yumɓun ya yi yawa, fensirin ya yi tauri, layinsa ya fito siriri fari-fari, shi ne H. In girafait ya rinjaya, ya yi laushi da baƙi, shi ne B. Lambar da ke gaba tana nuna ƙarfin abin: 4B ya fi 2B baƙi, 2H ya fi H tauri. HB na tsakiya.

Ba na ba mai farawa shawarar littafin zane mai tsada. Farar takarda mai kauri tsorata shi take yi, sai ya riƙa jin kowane shafi dole ya fito da abin nunawa. Takardar da ba ka jin ciwon ɓata ta ita za ta koya maka.

Da wane atisaye zan fara?

Da layi. Sa ɗigo biyu a takarda, tsakaninsu kamar santimita 15. Kafin fensir ya taɓa takarda, kai hannunka ka dawo da shi a sama sau uku ko huɗu, daga wannan ɗigo zuwa wancan, kamar mai gwada hanya. Sannan ka sauke fensir ka ja sau ɗaya. Idonka ya kasance a kan ɗigon da za ka, ba a kan bakin fensir ba. In layin ya kauce, bar shi, ka ja wani a gefe. Kada ka koma kana cicciɓa shi da ƙananan layuka har ya yi gashi-gashi. Wannan ɗabi'ar in ta kama hannu, da wuya take saki.

Dogon layi daga kafaɗa yake fitowa. Rubutu ya saba mana da motsa yatsu da wuyan hannu kawai, wuyan hannu kuwa lanƙwasa yake yi, ba ya miƙewa. Ɗaga gwiwar hannunka daga tebur, ka bar hannun gaba ɗaya ya tafi. Kwanakin farko za ka ji kamar da hannun hagu kake yi. Kuma ba laifi ba ne ka juya takardar zuwa inda hannunka ya fi sakewa, ƙwararru ma haka suke yi.

Bayan layi sai kwantacciyar da'ira, wato yadda da'ira take bayyana in ka kalle ta daga gefe, kamar bakin kofi ko tayar mota. Zagaya ta sau biyu ko uku ba tare da ɗaga fensir ba. Ka lura gefunanta biyu ba su da tsini, zagaye suke yi komai sirantarta. Daga nan ka shiga siffofi huɗu masu jiki: akwati, gwangwani, ƙwallo da mazurari. Kusan duk abin da za ka zana a duniya waɗannan ne aka harhaɗa. Hannun mutum gwangwani ne, ƙirjinsa akwati, mota akwatuna biyu a kan gwangwanaye huɗu.

Awa nawa zan riƙa yi a rana?

Minti 20 ko 30 kullum sun fi awa biyar rana ɗaya a mako, domin hannu da maimaici yake koyo, kuma yana mantuwa in aka daɗe. Minti goma na farko ka ba layuka da da'irori, ragowar ka zana abu ɗaya da ke gabanka. In rana ta kuɓuce maka, kada ka ce gobe za ka rama biyu. Ci gaba kawai.

Me ya sa abin da na zana ba ya kama da abin da nake kallo?

Domin ba abin da kake kallo kake zanawa ba, abin da ka sani kake zanawa. A nan matsalar mafi yawan masu koyo take, ba a hannu ba.

Na taɓa ajiye kofi a tebur gaban wata mai koyo na ce ta zana. Ta kalle shi sau ɗaya, ta sunkuya, ta yi minti goma ba ta ɗago ba. Da ta gama, bakin kofin cikakkiyar da'ira ne kamar daga sama take leƙa shi, gindinsa kuwa layi ne miƙaƙƙe kamar da rula aka ja. Na ce ta rufe ido ɗaya, ta miƙa hannu da fensir, ta auna faɗin bakin kofin, sannan ta auna zurfinsa yadda yake bayyana daga inda take zaune. Faɗin ya ninka zurfin kusan sau huɗu. Ta yi shiru tana kallon kofin, can ta ce, “To ai na san zagayayye ne.” Ba ta yi ƙarya ba. Saninta ta zana. Ta san baki zagayayye ne, ta san gindi a shimfiɗe yake zama a tebur, sai ƙwaƙwalwa ta riga ido. Alhali in kofi yana ƙasa da idonka, lanƙwasar gindinsa ta ma fi ta bakinsa zurfi.

Akwai dabarun da ke sa ƙwaƙwalwa ta yi shiru ido ya yi aiki. Ɗauki zanen wani ka kifa shi, kai a ƙasa, ka kwafe shi a haka. Tunda ba ka ƙara ganin “hanci” ko “kunne”, sai layuka da kusurwoyi, za ka yi mamakin yadda zai fito daidai. Ko ka ajiye kujera, maimakon ka zana ƙafafunta, ka zana gurabun da ke tsakanin ƙafafun. Ƙwaƙwalwa ba ta da ajiyayyen hoton waɗannan gurabun, dole ta tambayi ido. Ko kuma ka kafa ido a tafin hannunka, ka bi kowane lanƙwasa a hankali da fensir ba tare da ka kalli takarda ba ko sau ɗaya. Abin da zai fito abin dariya ne, kuma ba don a nuna wa kowa ake yin sa ba.

Awon fensir da na ambata, riƙe shi da kyau. Hannu a miƙe sarai kowane lokaci, in ka lanƙwasa gwiwa awon ya canza. Ido ɗaya a rufe. Bakin fensir a farkon abin, babban yatsa a ƙarshensa. Zaɓi awo guda, misali faɗin kofin, ka riƙa gwada komai da shi: tsayin ya kai faɗi ɗaya da rabi? Mariƙin ya kai rabi? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kafin ya san kimar sai ya sha awo. Kuma ka yi awon tun farko, da layi mara nauyi, kafin ka shiga ƙawa. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya kwashe awa biyu yana gyara gashin ido ba zai yarda ya goge idon ba ko da ya gane a karkace yake.

Akwatunan da nake zanawa duk a murɗe suke. Mene ne ƙa'idar nesa da kusa?

Ita ce hanyar nuna zurfi a shimfiɗaɗɗiyar takarda. Filippo Brunelleschi ya gwada ta a birnin Fulorans na Italiya a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435. Littattafai sun cika da lissafinta, amma abin da mai farawa yake bukata kaɗan ne.

Akwai layin ido, wato layin kwance da ke daidai tsayin idonka. In ka zauna ya sauko, in ka hau bene ya hau tare da kai. Abin da ke ƙasa da shi samansa kake gani, abin da ke sama da shi ƙasansa kake gani. Sannan layukan da suke jere da juna a zahiri, in suna tafiya nesa da kai, matsowa juna suke yi har su haɗu a ɗigo ɗaya, kamar gefunan miƙaƙƙen titi. In a kwance suke daidai da ƙasa, mahaɗarsu a kan layin ido take faɗawa. Akwatin da ya fuskance ka sak mahaɗa ɗaya gare shi. Wanda ya juyo maka da kusurwa biyu gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma galibi a wajen takardar suke.

Ga yadda za ka kama kuskurenka da kanka. Zana akwati da hannu, ba rula. Da ka gama, ɗauko rula da biro mai wata kala, ka tsawaita kowane gefe zuwa baya. In layukan suna matsowa wuri guda, madalla. In suna buɗewa suna rabuwa, bayan akwatin ya fi gabansa girma ke nan, kuma wannan shi ne murɗewar da kake gani. Ka kuma riƙa zana gefunan da ke ɓoye kamar akwatin na gilashi ne. Yi biyar a rana, ka tsawaita, ka duba. Rular ba ta jin kunyarka, ba ta kuma yi maka kara.

Inuwata tana fitowa kamar datti. Ina kuskuren?

Yawanci abu biyu ne: haske daga ko'ina, da murza fensir da yatsa.

Kashe sauran fitilu ka bar guda, daga gefe. Ajiye farar ƙwallo a kan farar takarda ka duba da kyau. Akwai ɗigon ƙyalli inda haske ya buga kai tsaye. Akwai ɓangaren haske da ke dusashewa a hankali. Akwai wata ɗamara mai duhu daidai inda haske ya ƙare, ita ce mafi duhu a jikin ƙwallon. Bayanta akwai ɗan haske da ya dawo daga takardar. Sai inuwar da ƙwallon ya jefa a ƙasa, wadda ta fi duhu da kaifi a gindinsa, tana laushi tana nisa. Hasken nan da ya dawo shi ke yaudarar mutane. Da zarar mai koyo ya gano shi sai ya yi murna ya bar wurin fari fat, ƙwallon ya lotse. Komai haskensa, yana cikin inuwa, bai kai ko mafi duhun ɓangaren haske ba.

Ƙanƙance idanunka har komai ya yi dishi-dishi. Ƙananan abubuwa za su ɓace, a bar ka da manyan fannoni biyu, haske da duhu. Su za ka fara rabawa. Sannan ka ja gidaje biyar a jere a gefen takarda, na farko fari, na ƙarshe iyakar baƙin da fensirinka zai iya, ka cike na tsakiya mataki-mataki. Mafi yawan masu farawa a gida na biyu da na uku suke yawo, suna tsoron baƙi, sai zanen ya fito toka-toka.

Yatsa kuwa yana da maiƙo, yana dama girafait ya bar tabon da kilina ba ya cirewa. Jera siraran layuka kusa da juna, in kana son ƙarin duhu ka gitta wasu a kansu. Ya fi cin lokaci, amma za ka san abin da ka yi.

Ni mutane nake son zanawa. Dole ne sai na bi ta akwati da gwangwani?

Dole ne, amma ba sai ka gama da su ba. Raba lokacinka biyu, rabi atisaye, rabi abin da ranka ke so, ko da bai yi kyau ba. Na ga mutane da yawa da suka ce sai sun ƙware a akwati za su taɓa fuska, wata uku suka ajiye fensir gaba ɗaya.

Ga awon da zai rage maka wahala. Tsayin baligi ya kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, masu zane kan ja shi zuwa takwas don ƙawa, ƙaramin yaro kuwa kansa ya fi girma in aka gwada da jikinsa. Idanu a tsakiyar kai suke, daga tsakar ka zuwa haɓa, ba can sama ba inda kusan kowa ke sa su. Tsakanin ido da ido akwai gurbin ido guda. Kunne daga daidai gira yake zuwa ƙasan hanci. Gwiwar hannu tana sauka wajen ƙugu. Tafin hannu da yatsu sun kusa rufe fuska, gwada da naka ka gani, sannan ka dubi 'yan mitsi-mitsin hannayen da kake zanawa. Wannan duk matsakaicin awo ne. Kamannin mutum suna fitowa ne daga inda ya saɓa masa.

Ka kuma riƙa yin zanen sauri, daƙiƙa 30 zuwa minti 2 kowane mutum. Ba fuska, ba yatsu. Inda nauyin jiki ya faɗa da yadda gadon baya ya lanƙwasa, su kaɗai.

Daga hoto zan zana ko daga abin da ke gabana? Kwafa kuma fa?

Duka biyun, amma na gabanka ya fi koyarwa. Kyamara ta riga ta shimfiɗe abin, ta yi maka rabin aikin da kake son koya.

Kwafar zanen ƙwararru tsohuwar hanyar koyo ce, ba abin kunya ba. Haka raba hoto gida-gida da layuka: Albrecht Dürer na Jamus ya buga littafin awo a 1525, kuma cikin na'urorin taimakon zane da ya nuna a ayyukansa akwai firam da aka raba gida-gida da zare, ake leƙen abu ta cikinsa. Ɗora takarda a kan hoto a bi sawu ma yana da amfani in don a fahimci siffa ne. Sharaɗi biyu ne kawai. Kada ya zama sandar da ba ka iya tafiya sai da ita. Kuma in za ka nuna wa mutane, faɗi cewa kwafa ce, ka ambaci mai asalin aikin.

Ina yawan gogewa. Laifi ne?

In kana goge layi tun ba ka ja na daidai ba, za ka sake jan kuskuren a wurin da yake. Bar na kuskuren, ja na daidai a gefensa, sannan ka goge. In abin ya zame maka jaraba, yi mako guda da biro zalla.

Wa zan nuna wa aikina? 'Yan gidanmu kullum cewa suke ya yi kyau.

Suna ƙaunarka ne, kuma ba zanen suke yabo ba, kai suke yabo. Karɓi yabon, yana da ranarsa, amma ba gyara ba ne. Duk da haka wanda bai iya zane ba yana da amfani in ka san abin da za ka tambaye shi. Kada ka ce “ya yi kyau?” Ce masa, “ina idonka ya fara sauka?” ko “wane wuri ne bai kwanta maka ba?” Zai nuna maka wurin daidai, ko da bai san dalili ba. Mutane sun ƙware wajen gane fuskar da ta karkace tun suna jarirai.

Dalilin kuwa sai wanda ya fi ka. Ba sai shahararre ba. Sau da yawa wanda ya girme ka a zane da shekara biyu ya fi gwanin shekara talatin iya yi maka bayani, domin bai manta ramin da kake ciki ba. Ajin zane, ko abokai biyu uku da kuke haɗuwa kuna nuna wa juna, ko zaurukan masu koyo a intanet, duk suna yi. Abin da ba na ɗauka gyara shi ne yawan masu danna alamar so a Facebook ko Instagram. Wannan yana auna abin da ke jan ido cikin daƙiƙa ɗaya ne, shi ya sa ido guda mai ƙyalli yake samun ɗaruruwa, shafin akwatuna da aka yi da kyau kuwa ko kallo bai samu ba.

Yaya zan nemi gyara har a ba ni amsa mai amfani?

Wanda ya turo hoto ya rubuta “me kuka gani?” ya ɗora wa mai amsa aikin duba komai, shi ya sa yake samun “da kyau, ci gaba”. Gwada wannan: “Wata biyu ke nan da na fara. Wannan kujera ce, daga zahiri na zana ta, minti 40. Ina koyon nesa da kusa ne, ban damu da inuwa ba tukuna. Ƙafar baya ta dama ba ta zauna mini ba, na kasa gane dalili.” Duk wanda ya iya zane, hannunsa zai yi ƙaiƙayin amsa wannan.

Haɗa da hoton abin da ka kalla, daga inda ka zauna. Tura aiki uku ko huɗu iri ɗaya maimakon guda, domin kuskure ɗaya a zane ɗaya tsautsayi ne, in ya maimaitu sau huɗu ɗabi'a ce, kuma ɗabi'ar ake son kamawa. Kada ka zaɓo wanda ya fi kyau kaɗai. Kada kuma ka buɗe da “na san bai yi kyau ba, ku yi haƙuri”, don sai mutane su koma lallashinka su bar zanen.

Ɗaukar hoton ma da ƙa'ida. Shimfiɗa takardar kusa da taga da rana, ba filasha. Riƙe wayar daidai saman takardar, kada ta karkata, in ba haka ba za a yi ta gyara maka kuskuren kyamara. Kada inuwar hannunka ta faɗa a kai.

An yi mini gyara mai zafi, har na ji kamar in daina. Yaya zan yi?

Kada ka amsa a ranar. Gobe ka sake karantawa da fensir a hannu, ka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta nuna wani wuri a takardar. “Kafaɗar hagu ta fi ta dama faɗi” gyara ne, ko da da gatse aka faɗe shi. “Ba ka da baiwa” ba ya nuna ko'ina a takarda, ba abin da za ka yi da shi, watsar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma ka guji kare kai. “Ai da gangan na yi”, “ai salona ne”. Wataƙila gaskiya ne, amma tambayi kanka tsakaninka da Allah: da na so in yi shi daidai, zan iya? In amsar a'a ce, ba salo ba ne tukuna. Mai gyara in ya ga kowace magana sai ka mayar, ba zai yi faɗa da kai ba, shiru zai yi, lokaci na gaba ya ce maka ya yi kyau.

Mutum biyu sun ba ni shawara masu karo da juna. Ta wa zan bi?

Duba ko a kan abin da ake aunawa suka saɓa. Tsawon hannu, mahaɗar layuka, inda haske ya fito, waɗannan fensir da rula za su raba gardama. In kuwa a kan ɗanɗano ne, wannan ya ce ƙara duhu wancan ya ce rage, zana biyu ƙanana ka gwada kowace. In mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da kowannensu ya bayar ya bambanta.

Na karɓi gyaran, na gane. Sai me?

Sai ka sake zanawa. Nan ne mafi yawan mutane suke zubar da abin da suka samu. Su ce “na gode, zan kiyaye”, su wuce sabon zane, kuskuren ya bi su. Ganewa a kai take, hannu bai ji labari ba. Ɗauki sabuwar takarda a ranar ko washegari, ka zana abin nan dai, ka gyara abu ɗaya ko biyu cikin waɗanda aka faɗa, ba duka goma ba. Fara da mafi girma: awo kafin inuwa, inuwa kafin ƙawa. Ajiye tsohon da sabon gefe da gefe, ka mayar wa wanda ya yi maka gyaran. Ba abin da ke sa mai gyara ya sake ba ka lokacinsa kamar ya ga maganarsa a takarda.

Ba ni da kowa da zai duba mini. Zan iya yi wa kaina?

Za ka iya, in ka san yadda za ka mayar da idonka baƙo. Laifi tudu ne, kuma ido in ya daɗe a kan zane sabawa yake yi da karkatarsa. Ɗaga zanen gaban madubi. Leonardo da Vinci ya ba masu zane wannan shawarar a rubuce-rubucensa fiye da shekara 500 da suka wuce, kuma har yau ba ta tsufa ba. Fuskar da ka rantse daidai take za ka ga ta zame gefe guda. Jingina zanen a bango ka ja da baya taku biyar. Ɗauke shi a waya ka dube shi ɗan ƙarami. Kifa shi. Ko ka sa shi a aljihun tebur sai bayan kwana biyu.

In daga hoto ka zana, ɗora zanenka a kan hoton a jikin gilashin taga, in girmansu ɗaya, ka bi layukan hoton da jan biro. Rubuta abin da ka gani a gefe da kalmomi: “na tsawaita hanci”, “na ƙanƙanta ƙeya”. Bayan zane goma karanta rubutun. Za ka tarar abu biyu ko uku ne suke ta dawowa.

Ni da nake koyo, ya dace in yi wa wani gyara?

Ya dace, kuma zai buɗe maka ido fiye da yadda kake zato. Tsaya a kan abin da kake gani, ka nuna wurin, ka faɗi abin da ya yi daidai shi ma da dalilinsa, don mai shi ya san abin da zai riƙe. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka yi zane a kan aikin mutum sai ka nemi izininsa.

A kwamfuta ko allon zane na lantarki zan iya koyo?

Za ka iya, ƙa'idojin ba su canza ba, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su Krita. Juya zane kamar a madubi ma dannawa ɗaya ne. Haɗarin shi ne maɓallin komawa baya: sai ka ja layi ɗaya sau ashirin har sa'a ta ba ka mai kyau, ba ka koyi jan sa ba. Lokacin atisaye ka haramta wa kanka shi.

Wata uku ina yi, amma gani nake kamar baya nake ci. Haka ne?

Da wuya. Ido yana riga hannu girma. Kurakuran da kake gani yau suna nan tun farko, ganinsu ne ba ka yi, yanzu kuwa kana gani amma hannu bai kai ga gyara su ba. Zai kamo, sannan idon ya sake tsere masa.

Kada ka dogara da yadda kake ji, nemi shaida. Rubuta kwanan wata a kusurwar kowace takarda, ka zuba su a kwali guda, har waɗanda kake jin kunyarsu. Zaɓi abu ɗaya, takalminka ko hannunka na hagu, ka zana shi ranar ɗaya ga kowane wata, minti 30, daga wuri ɗaya. In sun kai huɗu, jera su a ƙasa bisa tsari, ka miƙe tsaye ka duba. In na huɗun bai fi na farko ba ta ko'ina, to kwashe su duka huɗun ka kai wa wanda ya fi ka, ka gaya masa yadda kake raba mintunanka na kullum, domin a tsarin atisayen gyaran yake.